Sunan da Ba a Goge Ba

Da hantsi aka bugo wa ofishin 'yan sanda waya cewa mutum ya faɗo daga matakalar wani bene a unguwar Kudai, a birni mai tsarki. Watan Muharram ne, alhazai sun watse, motocin safa suna jere a tasha ba direbobi.

Sufeto Mukhtaru aka tura. A takarda Naƙib ne, wato kyaftin, amma tsofaffin unguwa Sufeto suke ce masa, ya kuma gaji da gyara musu. A nan garin, a unguwar Zahir, aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙafa. Larabci ya fi masa sauƙi a baki, sai dai duk sanda gawa ta zama ta Bahaushe shi ake nema, don mutanensa sun fi sakin jiki su yi masa ƙarya da harshen gida.

Gawar tana gindin matakala, an rufa mata darduma. Saurayi ne mai ɗan gemu, ƙeyarsa ta fashe. Takalminsa ƙafa ɗaya yana can sama a bakin ƙofar ofis. Aljihun gaban rigarsa ya yage har ƙasa. Wayarsa tana hannunsa, sai da askari, ƙaramin ɗan sandan da ya rako Sufeto, ya ɓamɓare yatsun kafin ta fita.

Ofishin na Alhaji Maiturare ne, sana'arsa kuwa Hajjin badali. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka rasu ba su sauke farali ba, sai ya aiko daga Najeriya ko Nijar, Alhaji ya samo ɗalibi mai ilimi ya yi Hajjin a madadin mamacin, a aika wa iyali takardar shaida mai ruwan zinare. Ƙa'idar kowa ya san ta: ɗalibi ɗaya, mamaci ɗaya, a shekara.

Alhaji yana zaune a ofis da carbi a hannu, hawaye na bin farin gemunsa. Kukan ya dace da shi, kamar rawanin.

"Sunansa Abdulquddus," in ji shi. "Ɗalibina ne, ɗana ne. Bana ma ya yi mana Hajji."

"Me ya kawo shi da safe?"

"Gaisuwa. Ina ciki na ji ƙara, na fito na tarar Allah ya yi ikonsa. Matakalar nan na sha faɗa wa Nasrullahi ya sa a gyara ta."

Nasrullahi ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ne manaja. Yana tsaye jikin bango, ya ce shi bai iso ba sai bayan abin ya faru.

"Aljihunsa fa?" Sufeto ya tambaya.

"Wataƙila ƙarfe ya kama shi," in ji Alhaji.

Sufeto ya riga ya shafa ƙarfen matakalar daga sama har ƙasa. Sumul yake. Ya buɗe wayar mamacin. Saƙonni ne jere daga kamfanin, duk na jiya da la'asar, duk iri ɗaya: an ɗora maka Hajjin marigayi wane, an ɗora maka Hajjin marigayiya wance. Ya yi ta ja da babban yatsa har ya gaji.

"Alhaji, mamaci nawa ɗalibi ke yi wa Hajji?"

"Ɗaya mana, ɗana. Wannan ko yaro ya sani."

"To waɗannan fa?"

Alhaji ya nesanta wayar da idanunsa, ya ƙanƙance su, ya mayar. "Ni da na'ura sai kallo. Ko kunna ta ban iya ba. Tambayi Luqman, shi ya kawo mana wannan sabon abu."

Luqman yana wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda aka ajiye injinan kwamfuta. Ɗakin ya fi ko'ina sanyi a benen, don injinan sun fi ma'aikata tsada. Bakano ne, siriri, idanunsa ja.

"Wane sabon abu ka kawo?" in ji Sufeto. "Ka yi min bayani kamar ga wanda bai je makaranta ba."

"Yallaɓai, da can komai namu yana cikin rumbun bayanai guda. Sunan mamaci, sunan iyalinsa, sunan ɗalibin da zai yi masa. In kana son sanin wani abu, sai ka zo ofis ka duba, ko ka bugo waya ka jira Nasrullahi ya ga dama. Baba ya ce iyalai suna damunsa da tambaya."

"Wane Baba?"

"Alhaji. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya yi min iƙama, takardar zaman ƙasa. Baba nake ce masa." Ya nuna injinan. "Sai na haɗa rumbun da wata magudanar saƙonni. Duk abin da aka taɓa a rumbu, ko an ƙara, ko an sauya, ko an goge, sai ya zama saƙo ya shiga magudanar, ya bi layi. Wanda abin ya shafa sai ya same shi a wayarsa. Ɗalibai muka fara haɗawa. Iyalai sai mako mai zuwa."

"Me ya sa na Abdulquddus suka zo tuli?"

"Ranar farko magudanar ba ta san komai ba, dole a juye mata duk abin da ke rumbu. A tsohon tsari, da an buga takardar shaida sai sunan ya ɓace daga fuskar kwamfuta, ya koma ƙasa. Ba mai duba ƙasa. Jiya da na kunna, ta kwashe sama da ƙasa gaba ɗaya."

"Ke nan ba kuskuren na'ura ba ne."

Luqman ya kalli injinan. "Zai iya zama kuskure."

"Wa ke shigar da sunaye?"

"Lambar sirri ɗaya ce ga kowa. Na ce a raba, Baba ya ce nan gida ne, ba banki ba."

"Ka yi magana da mamacin jiya?"

"A'a."

Sufeto ya juya masa wayar. Kira na ƙarshe da Abdulquddus ya yi, bayan Magariba, Luqman ya kira, kuma sun daɗe.

"Ɗayyib, shi ke nan," in ji Sufeto. "Kada ka taɓa komai. Askari zai kai ka ofishinmu, ka zauna ka tuna."

Ɗakin da Abdulquddus ke haya yana Hindawiyya, a wani lungu da tasi ba ta shiga. Abokin zamansa, Malam Ɗanjuma, shi ma ɗalibi ne, shi ma yana yi wa Alhaji badali. Ya shimfiɗa wa Sufeto tabarma tsakanin littattafai.

"Jiya bai ci abinci ba," in ji Ɗanjuma. "Ya yi ta karanta sunayen nan yana cewa, 'Ni mutum ɗaya na yi wa talbiyya, waɗannan wa ya yi musu?' Na ce masa na'ura ce ta haukace. Ya ce na'ura ba ta ƙirƙiro sunan tsohuwa da na ƙauyensu."

"Kai naka nawa suka zo?"

"Ɗaya. Ni mai surutu ne, Sufeto. Shi kuwa ko jakarsa ka ɗauka, sai ya ce wataƙila ka fi shi buƙata. Da Asuba ya ce zai je ya nuna wa Alhaji."

"Alhaji ya ce gaisuwa ya je."

"To ai ya gaishe shi, na tabbata. Ba ya fara magana bai gaisa ba."

Wayar mamacin ta yi ƙara a aljihun Sufeto. Kafin ya ciro ta, ta sake. Ta sake. Ɗanjuma ya ja da baya kamar an ajiye masa kunama.

An cire sunanka daga Hajjin marigayi wane. An cire sunanka daga Hajjin marigayiya wance.

Suka zauna suna kallon saƙonnin na shigowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin aikin mai danna madanni da yatsa ɗaya. Wani yana can Kudai yana share rumbu, bai san kowace shara tana zuwa ta faɗa aljihun ɗan sanda ba. Luqman kuwa yana zaune a benci gaban askari, ba waya a hannunsa.

Da wayar ta yi shiru, Sufeto ya gwada na jiya da na yau. Kowane suna an cire shi, ban da guda.

"Ruƙayyatu 'yar Isa," ya karanta.

"Ita ce," in ji Ɗanjuma. "Ita ya yi wa. Muna tare a miƙati, na ji shi da kunnena."

"Wa ke ba ku sunan?"

"Alhaji da kansa. Ba ya wakilta kowa. Ya kama hannunka, ya faɗi sunan mamacin sau uku da babbar murya, ya yi kuka, ya ce amana ce." Ɗanjuma ya ƙara da cewa, "Sai dai Abdulquddus ya ba ni dariya bana. Ya ce da aka zo kansa Alhaji bai faɗa ba. Juya masa fuskar kwamfuta ya yi, ya nuna da carbi, ya ce, 'Wannan baiwar Allah.' Bara ma haka. Muka ce ko tsufa ne ya fara cin harshensa."

"Wa ya kunna masa kwamfutar?"

"Su biyu ne kawai a ɗakin, shi da Alhaji."

A mota Sufeto bai tayar da inji nan da nan ba. Ya tuna mahaifinsa, wanda ya zauna da matarsa, mahaifiyar Mukhtaru, har ya mutu bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke," yake cewa, ko "uwar yaran nan". Ko a asibiti, da likita ya tambaye shi sunan matarsa, sai ya juya ya kalli Mukhtaru.

Ya buga wa mahaifiyar tasa waya a Zahir.

"Umma, kin san wata Ruƙayyatu 'yar Isa?"

"Ba gaisuwa, ba ya jiki? Aikin nan ya cinye maka tarbiyya." Ta yi tari. "Ai Ɗaso ce. Hajiya Ɗaso ta Maiturare, matarsa ta ƙuruciya. Ni na yi mata wanka. Ba wanda ya san ta da wannan sunan sai mu da muka tashi tare."

"Ta yi Hajji kafin ta rasu?"

"Ɗaso? Tun tana budurwa take zuwa Arfa. Ta fi wasu limaman sanin hanya. Me ta yi kuma, tana kabarinta?"

"Ba ta yi komai ba, Umma."

Luqman yana nan inda aka ajiye shi. Sufeto ya zauna kusa da shi a bencin, ba a bayan tebur ba.

"Ka tuna?"

"Ya kira ni," in ji Luqman. "Ya karanto min sunayen. Ana cikin haka ya ce, 'Shatu 'yar Maman, Kano.' Yallaɓai, mahaifiyata ce."

Luqman ya ci gaba.

"Ta rasu shekarar da na zo. Tana ta tara kuɗin kujerar Hajji ba su kai ba. Ni ban isa in yi mata ba, don ban yi nawa ba tukuna. Kowace shekara lokacin Hajji aiki ya fi yawa, Baba ya ce in bari sai baɗi. Ya ce kada in damu, shi zai zaɓa mata ɗalibin da ya fi kowa tsoron Allah. Ya rungume ni. Takardar shaidar tana rataye a ɗakin yayata, an sa mata gilashi. Sun yanka rago."

"Da ka gani sai ka yi me?"

"Na buga wa Baba. Na ce Nasrullahi yana cin amanarsa. Wa zan zata in ba shi ba? Baba ya yi salati, ya ce in bar masa, kada in faɗa wa kowa, in kashe magudanar. Na ce to."

"Amma ba ka kashe ba."

"Na sa hannu zan kashe, sai na ga sunanta a layin. Na kasa. Shi ne karo na farko da ya ce in yi abu ban yi ba."

"Yau da safe me ya sa ka yi min ƙarya?"

"Ya leƙo ɗakina kafin ku zo. Ya ce in na buɗe baki, ni za a ɗaure, don na'urata ce ta jawo."

"Abin da aka goge a rumbu, yana gogewa a magudanar?"

"A'a. Gogewar ma saƙo ce, tana bin layi a bayan 'yan uwanta."

"Yalla, tashi mu je."

Bayan La'asar suka koma Kudai. Alhaji ya sake riga, an turara ofis. Nasrullahi yana zuba shayi.

"Gara da ka dawo, ɗana," in ji Alhaji. "Na sa an duba kwamfutar. Babu komai a ciki. Na'urar yaron nan ce ta yi shirme, in kuma akwai hannu a ciki…" Ya yi ajiyar zuciya, ya kalli ɗan ƙanwarsa. "Yaran yanzu, ka riƙe su kamar naka, ba ka san abin da suke yi bayan idonka ba."

Butar shayin ta tsaya a hannun Nasrullahi. "Kawu, ni?"

"Ina kake da Azahar?" Sufeto ya tambaye shi.

"Asibiti. Kawu ya ce in bi gawa, kada in dawo sai an gama." Ya ajiye butar. "Da safe ma ina nan, Sufeto. Ina ƙasa ina ajiye mota. Na ji muryarsu a sama. Kawu ya ce in ce ban iso ba."

"Ka ji ko?" in ji Alhaji. "Tun safe bakinsa biyu."

Sufeto ya yi wa Luqman alama. Luqman ya buɗe magudanar a kwamfutar teburin Alhaji, ya juya fuskar. Sunayen suka jeru, na jiya da na yau.

"Alhaji, an ce ba wanda ya kai ka iya kiran sunan mamaci. Waɗannan bayin Allah ba a kira sunansu a miƙati ba. Karanta mana su, ko albarkacin bakinka."

Alhaji ya kalle shi, ya ga ba hanyar ƙi. Ya gyara zama. Bai ƙanƙance ido ba wannan karon. Ya fara karantawa da muryar da ta sa mutane daga Zinder har Zariya suka yarda da shi, yana bin kowane suna da Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙanta. Ya karanta Shatu 'yar Maman bai ko sassauta ba. Luqman ya dafa bango.

Sai ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Sufeto.

"Wannan baiwar Allah…"

"Sunanta."

Bakin Alhaji ya motsa, ba abin da ya fito. Carbin ya tsaya a yatsunsa.

"Ka goge tsofaffin mutane duka yau da Azahar, da yatsa ɗaya," in ji Sufeto. "Ita ka kasa. Nasrullahi bai san ta da wannan sunan ba, da shi ne da ya haɗa da ita. Luqman yana hannunmu. Mutum ɗaya ne a benen nan ba ya iya faɗin sunan nan, kuma ba ya iya goge shi."



"Ta sha wahala da ni," in ji Alhaji a ƙarshe. Muryar wa'azin ta tafi, ta bar ta wani tsoho. "Mun kwana a titi a garin nan. Ta wanke kayan alhazai har hannunta ya tsage. Na ce duk shekara sai an yi mata Hajji, muddin ina da rai."

"Da kuɗin matan da ba su taɓa ganin Jidda ba."

"Ɗalibai sun yi kaɗan, masu aikowa sun yi yawa. Na fara da ɗora wa ɗalibi ɗaya mamaci biyu. Ina sa su duka a addu'a, Allah ne shaida."

"Abdulquddus fa?"

"Ya ce zai je ya faɗa wa malamansa, zai buga wa iyalan ɗaya ɗaya ya nemi gafara. Na ce ya ba ni wayar mu yi magana. Ya sa ta a aljihu. Na kama aljihun, ya fizge ya ciro ta, ya juya zai sauka." Ya kalli tafin hannunsa. "Na tura shi. Ban yi zaton ƙarfina ya kai haka ba."

Askari ya matso da ankwa. Alhaji ya miƙa hannu ba gardama, ya nemi a bar masa carbin, aka bar masa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Luqman, ɗana. Mahaifiyarka na ambace ta a Arfa. Da bakina."

"Na ji ka karanta sunanta yanzu, Alhaji," in ji Luqman. "Ko numfashi ba ka ja ba."

Aka sauka da shi ta matakalar, askari yana riƙe da gwiwar hannunsa kada ya zame.

Sufeto ya sa wayar mamacin a leda ya rubuta lamba a kai. Luqman bai motsa daga gaban kwamfutar ba.

"Yallaɓai, iyalan. Danna ɗaya ne, duk za su sani."

"Ba yau ba. Sai alƙali ya gani. Kuma irin wannan labari ba na'ura ce ya kamata ta kai shi ba."

Luqman ya gyaɗa kai. Ya karɓi wayarsa daga hannun Sufeto, ya fita baranda, ya nemo lambar yayarsa a Kano. Ta ɗauka da fara'a, ana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Yaya," ya ce, "takardar nan ta Inna da ke bango. Ki sauke ta."